Ranar da Baba Ilu Ya Yi wa Jirgina Fenti

Shekara goma sha huɗu ke nan ina koyarwa a cibiyar koyon sana'a ta Ƙanƙara, amma in aka ce in zaɓi rana guda da ba ta taɓa fita raina ba, to Larabar nan ce da na zo na tarar Baba Ilu ya yi wa jirgina fenti. Ku da kuka zo daga baya kun sha jin ana tsokanarsa da maganar, kowa da irin gishirin da yake ƙara mata. Bari in ba ku ita yadda ta faru, tunda a kaina ta faru.

Ga wanda bai san cibiyar ba, sassa huɗu gare mu: ɗinki, kafinta, walda da lantarki. Ni ne a lantarki, a lokacin ina mataki na takwas, wato na wuce a aike ni sayo ruwa amma ban kai a tambayi ra'ayina ba. Sama da mu duka akwai shugaban cibiya, Alhaji Lawal, mutumin kirki mai tsoron baƙi fiye da kima. A can ƙasan jerin ma'aikata kuwa akwai Baba Ilu, mutumin Pauwa, lebura. Shi ke shara, shi ke ban ruwan itatuwa, shi ke riƙe makullan ɗakuna, kuma shi ne mai fentinmu.

A shekarar, ana gama girbin dawa, takarda ta zo daga Katsina. Ta ce wani kwamiti zai zagaya cibiyoyin Sabuwa da Faskari da tamu, kuma duk sashen da aka samu ba shi da ɗalibai isassu, ba shi kuma da wani abin a zo a gani, za a rufe shi a mayar da malaminsa sakatariya. Wanda bai yi aikin gwamnati ba zai ɗauka mayarwa sakatariya hutu ne. Ba hutu ba ne. Za ka sa hannu da safe, ka zauna ƙarƙashin darbejiya kana kora ƙuda, ka sa hannu da azahar, haka har hannunka ya manta yadda ake riƙe ƙarfen liƙi. Ɗalibaina bakwai ne, sashen ɗinki kuwa sun haura sittin har suna zama bibbiyu a kan keke ɗaya. Ban buƙaci a gaya mini wa takardar take nufi ba. Alhaji Lawal ma ya fara shigowa ɗakina yana kallon bango da bango, yana motsa baki, na san kekunan ɗinki yake jerawa a ransa.

Na rasa abin da zan nuna. Gyaran fanka da tocila kowa na yi a bakin kasuwa. Sai na tuna da wani buri da na daɗe ina ɗauke da shi, na haɗa ɗan ƙaramin jirgi maras matuƙi, irin wanda ake tashi da shi a cikin ɗaki. Na ce cikin ɗaki don kun san yankinmu. Abin da ya tashi sama yana ƙara a garin nan, ba wanda zai yi masa kallon wasa, kafin ka yi bayani rabin unguwa sun shige gida. Na sanar da shugaba, shi kuma ya sanar da inda ya kamata, aka amince da sharaɗin ba zai leƙa ko ƙofa ba.

Wani mai sayar da kayan gyaran waya ya taho mini da kayan daga Kano a cikin 'yar leda: ƙananan injuna huɗu, kowanne bai kai rabin ɗan yatsa ba, farfela takwas, huɗu na aiki huɗu na ajiya, ɗan fanel mai sarrafa tashin, batir biyu da rimot. Gangar jikin ce kawai ban saya ba, na ce ni zan yi. Duk sirrin irin wannan jirgi a nauyi yake. Injunan nan ba su da ƙarfin a zo a gani, in jirgin duka ya haura giram arba'in sai ya yi ta kuka a ƙasa ba ya tashi. Na aro ɗan sikeli wurin mai sayar da 'yan kunne, na riƙa auna komai, har waya nakan datse in na ga ta yi tsawo. Gangar jikin na yanka ta daga farin soson nan da ake sako talabijin a ciki, guntu ɗaya tak na samu. Mako uku muna fama ni da ɗalibaina. Da muka gama, jirgin bai kai nauyin ƙwan kaza ba, kuma ya tashi. Baba Ilu yana shara a baranda ya ji ƙarar, ya leƙo ya ce, "Malam Kabiru, zanzaro kaka kiwo?" Daga ranar sunan ya bi shi, Zanzaro.

To, akwai wata al'ada da muke da ita, kuma na san ba mu kaɗai ba ne. In baƙo zai zo, sai an shafe komai. Duwatsun bakin hanya a yi musu farar ƙasa, gindin itatuwa har zuwa ƙugu, ƙofofi da tagogi kore da fari. Akwai tsohon janareta a bayan ofis da ya mutu tun kafin a ɗauke ni aiki, amma na tabbata ya sha fenti ya fi sau ashirin. Ranar Litinin Alhaji Lawal ya tara mu ya ba da umarni, da bakinsa ya ce, "Baba Ilu, duk abin da idon baƙi zai sauka a kai, ina son in gan shi yana ƙyalli." Baba ya ce an gama. Ni ma ina wurin, har da gyaɗa kai.

Ranar Talata da la'asar na gwada Zanzaro sau biyu, na ajiye shi a tsakiyar tebur a kan farar takarda, na cire batir, na miƙa wa Baba makulli na tafi gida da raina fes.

Laraba da ƙarfe bakwai da rabi na iso. Tun daga baranda warin fenti ya tare ni. Baba Ilu yana tsaye a ƙofar ɗakina, hannuwa a baya, fuskarsa cike da murmushin wanda ya yi abin kirki yana jiran a gani.

"Malam, shiga ka gani," ya ce. "Na ga duk kayan cibiya sun yi kyau, shi kaɗai anka bari hwari fat kamar marar gata."

Na shiga. Wallahi aikin ya yi tsabta, wannan ba zan hana shi ba. Ya naɗe injunan da takarda don kada fenti ya taɓa su, ya rufe fanel ɗin, sannan ya shafa kore, fari, kore, layi a miƙe. Sai dai Baba, kamar kowane mai fenti a garin nan, da fetur yake tsinka fentinsa. Shi kuwa farin soson nan ba abin da ya tsana kamar fetur. Cikin dare ya cinye shi. Hannuwan jirgin huɗu sun lanƙwashe sun kwanta, injunan kowanne ya kalli gabas ɗinsa, tsakiyar ta lotsa ta manne da takarda. Da na ɗaga shi sai ya biyo yatsana kamar narkakkiyar alewa.

Na zauna a kan benci. Abin da ya fito daga bakina ba na alfahari da shi. Ban ɗaga murya ba, amma na ce, "Baba, wa ya aike ka? Ka san abin da ka yi kuwa? Ka rufe mini sashe da burushi." Dattijon da a shekaru ya isa ya yi jika da ni na faɗa wa haka. Murmushin ya ɓace, ya matso ya duba, ya taɓa da ɗan yatsa, ya ce, "Innalillahi." Har yau in na tuna fuskarsa a lokacin sai kunya ta kama ni.

Ana haka Alhaji Lawal ya shigo cikin babbar riga mai sitaci, ya duba tebur, ya duba mu. Kafin ya tambaya Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne."

Shugaba ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ina jin ya tuna umarnin wa aka bi, ya mayar da bakin ya rufe. Ya ce da ni, "Akwai wani soson?"

Na ce babu, sai dai Funtuwa, kuma ko an samo, yanka da liƙi da bushewa kwana biyu ne.

"To a kulle ɗakin nan," ya ce. "In sun tambaya, ana gyara. Ka yi haƙuri, Malam Kabiru." Ya fita yana kiran masu jera kujeru. Kulle ɗaki ranar zuwan kwamiti, ai shi ne sa hannu a takardar rufewa. Na fara hango kujerata a ƙarƙashin darbejiya.

Baba bai fita ba. Ya ɗauki guntun soson da ya rage a kwandon shara, ya jujjuya shi a hannu, ya matsa shi.

"Malam, in tambaye ka. Mi ya sa ka yi shi da wanga abu? Don kyau, ko don ƙarhi?"

Na ce ba ko ɗaya, don rashin nauyi ne kawai.

"Rashin nauyi," ya maimaita. "Shi ke nan abin da kake bida? Ai da ka tambaye ni."

Ya fita da sauri. Ta taga na hango shi a bakin dannin da ya kewaye 'yan shuke-shukensa, yana zaro karan dawa ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasawa da farce yana sauraro, yana yar da wasu. Ya dawo da guda biyar da reza a bakinsa, ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa. Ya ce in zana masa girman a takarda, in nuna masa inda kowane inji zai zauna. Na zana, ba don na yarda ba, sai don ba ni da abin yi.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san motar kara. Ni ma na yi, amma tawa ba ta taɓa kaiwa magariba ba. Abin da na gani a hannun Baba Ilu daban ne. Ya feƙe ɓawon karan siri-siri, ya fitar da totuwar fara sol ba tare da ta karye ba. Ya gitta biyu, ya yi musu gurbi suka shige juna, ya soke su da tsinken ɓawon. Inda ake son ƙarfi sai ya bar ɓawon a gefe ɗaya. Ya huda bakin kowane hannu daidai kaurin inji, ya ɗaure da zaren da aka karɓo daga sashen ɗinki. Sannan ya jiƙa siraran ɓawon a bakinsa, ya lanƙwasa su suka zama zobba huɗu masu kare farfela. Ko ɗigon gam bai nema ba.

"Muna yara, ni ka yi ma duk yaran Pauwa," ya ce, bai ɗago ba. "Har jirgin sama na taɓa yi, da hiffike da komi. Tashi ne kawai bai yi ba."

Ni kuma na ciro injunan daga cikin narkakken soson, na goge su, na sake liƙa wayar da ta tsinke. Farfela huɗun farko sun sha fenti sun tashi aiki, na ɗauko na ajiya. Da Baba ya gama na ɗora gangar jikin a sikeli. Tawa ta soso giram tara ce. Ta Baba shida. Na sauke na sake ɗorawa, shida dai.

Allah ya taimake mu da wata al'adar kuma, ta kwamiti. An ce ƙarfe goma za su iso, amma mutanen Faskari sun dafa musu abinci, kuma ba a tashi a bar abincin mutane. Sha ɗaya da rabi na haɗa komai, na sa batir, ɗalibaina sun yi cirko-cirko. Na tura sandar rimot. Zanzaro ya yi ƙara, ya juya a kan tebur kamar katantanwa, ya wuntsila ya faɗa cikin kwandon shara.

Baba ya leƙa kwandon, ya dube ni, ya ce a hankali, "Malam, wanga kuma ba hwenti ba ne."

Gaskiyarsa. Farfelun nan iri biyu ne, biyu na juyawa dama, biyu hagu, kuma kowacce da injinta. Cikin gaggawa na musanya biyu. Ni mai takardar shaida, ni na yi. Dariya ta kuɓuce mini, ɗalibai suka biyo, har Baba. Na gyara, na sake turawa. Ya tashi sumul, ya tsaya cak daidai fuskata. Ya ma fi na da natsuwa, don totuwar tana shanye karkarwar injunan.

Ƙarfe ɗaya saura motocin suka shigo. Shugabar kwamitin wata Hajiya ce, darakta, injiniya, mace marar yawan magana mai rubutu da yawa. Sun ga ɗinki, sun ga kujerun kafintoci, sun ga ƙofar da masu walda suka ƙera. Da suka zauna a zauren taro Alhaji Lawal ya fara cewa, "Sashen lantarki kuwa, ranki ya daɗe, ana ɗan gyara," sai ga ni a bakin ƙofa da jirgi a tafin hannu. Ya dube ni, ya dubi abin da ke hannuna, ya haɗiye sauran maganar.

Na roƙi a kashe fankoki a rufe tagogi, don iska kaɗan takan kwashe shi. Manyan mutane suka zauna suna gumi cikin manyan riguna. Na ajiye Zanzaro a ƙasa na tashe shi. Ya bi tsakanin kujeru, ya zagaya tutar da ke kan tebur, ya wuce ta saman hular shugaba har sai da ya dafe ta, sannan na sauke shi a kan fayil ɗin Hajiya. Aka yi tafi. Ita ba ta tafa ba. Ta ɗauke shi, ta gyara tabarau, ta juya cikinsa.

"Wannan kara ne?"

Alhaji Lawal ya yi wuf ya ce, "Ƙwarai, ranki ya daɗe. Wani bincike ne da cibiyarmu ta daɗe tana yi a kan kayan gida."

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun ƙarfe takwas na safen nan, Hajiya." Na ba ta labarin duka, har da fetur, har da farfelun da na musanya. Zauren ya ɗauki dariya, shugaba ma ya ga ba mafita ya shiga ciki. Ta ce a kira mata mai aikin. Baba Ilu ya cire takalmi a bakin ƙofa ya shigo, koren fenti har gwiwar hannu, ya durƙusa. Ta ce, "Haba Baba, tashi, a ba shi kujera."

Sai ta ce in ba ta rimot. Ban so ba, amma ba a hana darakta. Na nuna mata sandunan. Ta tashe shi da kyau, ta ɗan karkata, sai ta tura da ƙarfi. Zanzaro ya tafi kai tsaye ya daki bango ya faɗo, hannu ɗaya ya karye. Wani daga cikin 'yan kwamitin ya ce, "Ash." Ita kuwa ta juya ga Baba ta ce, "In haka ta faru, daga ina ake odar wani?"

Baba ya sa hannu a aljihu ya zaro guntun kara da reza. "Ga shi nan, ranki ya daɗe."

A gabansu ya zauna ya canza hannun, kafin su gama shan ruwan da aka kawo. Na sake tashinsa. A nan ne na ga ta buɗe fayil ta yi rubutu mai tsawo. Da za ta shiga mota ta ce mini, duk inda suka je kayan saye ake jera musu, wasu ma da ledarsu, yau ne ta ga abin da ya karye aka gyara shi a gabanta.

Mako shida muna jira. Da takardar ta zo, ta ce sashen lantarki ya ci gaba, kuma a ware wa Baba Ilu kwana biyu a mako yana koyar da haɗa gangar jiki. Matakinsa bai canza ba, aikin gwamnati ba ya saurin haka, amma ɗalibai suna ce masa Malam, kuma ranar farko da aka kira shi haka sai da ya waiga ya ga ko da wani ake. Zangon da ya biyo baya ɗalibaina suka kai ashirin da uku. Na je har gida Pauwa na ba shi haƙuri kan maganar da na faɗa masa. Ya ce ya manta, amma in daina barin kayana fari fat ranar zuwan baƙi.

Abin da na koya a ranar bai da yawa, amma ya zauna mini. Mako uku ina auna waya da sikelin 'yan kunne ina neman abu marar nauyi, alhali mutumin da ya fi kowa saninsa yana share mini ƙofa kullum da safe, ban taɓa gaya masa me nake yi ba, balle in tambaye shi. Da na yi masa bayanin minti biyu, da bai shafa fentin ba. A sana'ar nan, wanda kuka bari a baranda ba ku gaya masa komai ba, shi zai ɓata muku aiki da kyakkyawar niyya, kuma sau da yawa shi ne mai gyaran.

Al'adar fenti dai tana nan, janareta ma ya sha nasa a watan jiya. Abu ɗaya ne ya canza. Duk ranar da baƙi za su zo, Baba Ilu yakan tsaya a ƙofar ɗakina da gwangwani da burushi, ya nuna kayan da ke kan tebur ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Malam Kabiru, wanga shina tashi, ko in shahe shi?"